Yadda Ake Hana Ɗan Ƙwallo Bugawa da Sifaniyanci

Ranar Lahadi, da kasuwar Ɗambatta ta watse, masu horarwa sukan cika gidajen kallon ƙwallo. Kowane benci da kociyoyinsa, kowane koci da umarninsa: "Kar ka buga! Kar ka buga!" Ɗan wasan Real Madrid ko Barcelona kuwa sai ya buga, ƙwallo ta nufi gajimare. An daɗe ana cewa yaran nan taurin kai gare su. An zalunce su. Ba sa jin Hausa ne, kuma ba wanda ya yi musu hanin yadda ya kamata.

Wasu sun ji cewa "no" ita ce a'a, suka manna ta a gaban umarni. "Tira" na nufin buga, sai su daka tsawa: "no tira!" Malam, labari ka ba shi, ka ce ba ya bugawa, shi kuma dole ya ƙaryata ka a gaban jama'a.

Ga yadda ake yi. Ka ɗauki aikatau a siffar da mutum ke faɗin abin da yake yi da kansa: tiro, corro, salgo. Ka yanke wasalin o na ƙarshe. In aikatau ɗin dangin -ar ne, ka liƙa masa -es. In dangin -er ko -ir ne, ka liƙa -as. Wato musayar wutsiya suke yi. Sai ka samu "no tires", kar ka buga. "No corras", kar ka yi gudu. "No salgas", kar ka fito, wadda ake tanadar wa gola mai son yawo.

Ita ƙwallon ma, wato "la", tana sauya mazauni. A umarni a baya take, "pásala", miƙa ta. A hani sai ta dawo gaba: "no la pases", kar ka miƙa ta. Wannan ta masu son kai ce, ba kasafai ake bukatarta ba, don tuni yaran suke aiki da ita.

Akwai 'yan tawaye da ba sa bin ƙa'ida. Ir, tafiya, ya zama "no vayas". Dar, bayarwa, "no des". Ser, zama, "no seas". Tun 1713 aka kafa Real Academia Española a Madrid don kula da harshen, har yau ba ta tanƙwara su ba, balle kai. Haddacewa kawai.

Alƙalin wasa babba ne, ba a yi masa gatsau. Da siffar girmamawa ake hana shi busa usur: "no pite". In 'yan baya gaba ɗaya za ka tsawatar wa, 'yan Sifen "no corráis" suke ji, 'yan Ajantina da Uruguwe "no corran". Ka fara bincika asalin yaro kafin ka buɗe baki.

Wanda ya faɗi komai daidai amma yaro ya buga, kada ya zargi nahawu. Tsakanin Ɗambatta da Madrid ya haura kilomita 3,000, sai a ƙara ɗaga murya.