Fasinjojin Hutun Ista

Hutun Ista gajere ne, daga Juma'a zuwa Litinin. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, in gidansu Zonkwa ne ko Manchok, tun daren Alhamis ya ɗaure jaka. Amma wanda ya fito daga Sakkwato ko Daura, da ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa sai ya ga ashe kewar gidan ba ta dame shi sosai ba. Irin waɗannan ne ke yin karo-karo su ɗauki shatar bas: yau Matsirga, gobe dutsen Kagoro, jibi Kwoi da Nok, kullum a dawo a kwana a makaranta. Kowace shekara sunayen fasinjoji ne ke sauyawa, halayen suna nan yadda aka bar su bara.

Akwai Ciyaman. Babu wanda ya zaɓe shi, littafi da biro kawai ya riga kowa ɗauka. Shi ne mai shelar cewa ƙarfe bakwai daidai mota za ta tashi, wanda ya makara ya yi wa kansa. Takwas da rabi zai iso, wai ya je neman canji. Da yamma in lissafi ya ƙi daidaita, akwai wani layi a ƙasan shafi mai suna kuɗin ɗawainiya, wanda ke haɗiye duk abin da ya ɓata. Abokin faɗansa shi ne Mai Transfa. "Wallahi na tura, Ciyaman, sake duba wayarka, sabis ne." Kuɗin nan har a gama zango ba su iso ba, amma kujerar gaba tasa ce.

A Matsirga ake gane Mai Hoto. Tun saukarsa daga mota ya juya wa ruwan baya, haka kuma zai tsaya har a tafi, don ruwan ba kallonsa ya zo yi ba, so yake ya fito a bayansa. Matsalar ita ce Ista ƙarshen rani take faɗowa, ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro ya ja baya, shi kuwa hotunan tsakiyar damina ya gani a Facebook. Sai ka ji yana tambayar yaran wurin, da gaske ba wasa ba, wa ya rage ruwan.

'Yar Gayu kuma ranar hawan dutse take fito da takalmin biki. Kafin a yi nisa takalmin ya koma hannu. Wata tsohuwa ɗauke da dammin itace za ta wuce ta ba ko haki, ta ce, "Sannu 'yata, saura kaɗan." Kaɗan ɗin mutanen Kagoro awa guda ce.

Wanda ya fi kowa gajiyar da jama'a shi ne Farfesa, kuma abin haushin, duk abin da yake faɗa gaskiya ne. Ya san cewa a 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. Ya san labarin kan mutum-mutumin nan da aka samu a wajen Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya don korar tsuntsaye, kafin ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a wajejen 1943. Ya san Fagg ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya san masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus sun soma tono a yankin tun 2005, har suka mayar da mafarin tsohuwar al'ummar Nok zuwa kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. To madalla. Sai dai tun daga tashar Kafanchan yake soma laccar, kuma in an isa ɗan gidan tarihin da ke Nok ba zai bar ma'aikacin wurin ya kai aya ba. Wuri ɗaya kawai yake yin shiru: idan ya lura cewa fitattun kayan da ya gani a littafi suna Jos ko Legas, da yawa kuma ɓarayin tono sun fitar da su Turai. Wannan shirun na ɗan lokaci shi ne abu mafi ma'ana da yake yi a duk yinin.

A Kwoi, idan an dace da bikin Tuk-Ham, wanda al'ummar Ham ke yi a lokacin Ista, kowa hankalinsa na kan masu rawa da tawagar sarkinsu, Kpop Ham. Ban da Ɗan Kasuwa. Shi yana can gefe da wani manomi, yana murza busasshiyar citta yana shinshinawa. Ya san cutar da ta cinye gonakin citta a 2023, ya san yadda buhu ya yi tashin gwauron zabo, kuma tuni ya kira kawunsa a kasuwar Dawanau. Kuɗin komawa makaranta ma aro zai yi, amma yana tambayar nawa za a bar masa tirela.

Sai Ɗan Hajiya. Wannan ban cika yi masa dariya ba, domin tsoron da ya gada yana da tushe. Yankin ya ga tashin hankali, direbobi ma ba sa son dare ya yi musu a hanya. Hajiya ba ta san komai game da Kudancin Kaduna ba sai abin da rediyo ya faɗa mata, shi ya sa duk awa take kira, shi kuma yana rantse mata yana laburare alhali ganga na tashi a bayansa. Kusa da ƙofa yake zama, jaka a cinya. To sai a shiga gidan su abokin karatunsa, uwar gida ta ce, "Ɗana, kazar nan Malam na ba wa ya yanka, ci abinka. Ga buta, ga tabarma, gabas nan ne." Kwano uku na faten acca zai tashi da su. A hanyar dawowa shi ne mai tambayar ko ana maimaita tafiyar a hutun Kirsimeti.

Shi kansa Ɗan Garin da ya jagoranci tawagar, a Kwoi aka haife shi, a nan ya yi firamare da sakandare, amma yau ne farkon shigarsa gidan tarihin Nok. Ka tambaye shi dalili ya ce, "Ai yana nan, ba gudu zai yi ba."

Akwai kuma wanda ya sa sunansa a littafin Ciyaman, barci ya kwashe shi, bai je ko'ina ba. Ranar Talata a aji, shi ya fi kowa iya ba da labarin tafiyar.

In bana da ku za a yi, ku karɓi kuɗin Mai Transfa a hannu tun daren Alhamis, ku sa Farfesa a kujerar baya kusa da kwandasta, ku kuma bar Kwoi da sauran rana.