Kallon Tsuntsu a Kakum

A gandun dajin Kakum na ƙasar Gana, akwai masu biyan kuɗi a tashe su da asuba don kallon tsuntsu. Kallo kawai fa, ba kamu, ba gashi. Jagora yana gaba, ya hana tari, ya hana hira, har a hau gadar igiya mai lilo, kusan mita 40 daga ƙasa. Can sai ya tsaya cak: "Ga ta can!" Kowa ya ɗaga madubin hangen nesa, ya ga ganye. Kafin a gyara tsayuwa, cilakowa ta yi gaba. Tunda jagora ya rantse kukanta ne ya ji, kowa ya rubuta a littafinsa cewa ya gani, har da wanda tsoro ya sa ya runtse ido tun hawowa.