Hutun da ake biya a sha wuya

A gundumar Pembrokeshire, can kudu maso yammacin Wales, akwai wata sana'a mai ban al'ajabi. Ka biya kuɗinka, a cusa ka cikin rigar roba mai ɗame jiki kamar fatar ganga, a kifa maka hular kwano, sannan a kai ka bakin dutse a ce faɗa teku. Kai kuma ka faɗa! Ruwan kamar ƙanƙara. Ka fito haƙora na kaɗawa, jagora yana murmushi yana tambayar ko a ƙara. Da wani ne ya hankaɗa ka kyauta, da tuni kuna gaban alƙali.

Wanda ba ya shiri da ruwa an tanadar masa hanyar ƙafa mai bin gaɓar teku, mil 186, wadda aka buɗe a 1970. Hawa, gangara, iska na neman raba ka da hularka, tumaki na tuƙa suna kallonka kamar masu tambayar wa ya aike ka.

Na gudu gidan sarautar Pembroke, inda aka haifi Sarki Henry na Bakwai a 1457, ina cewa tarihi kam ba ya sa haki. Ashe hasumiyar ma sai an bi matakala mai murɗewa, ƙunci kamar wuyan tulu.

Sai a St Davids gwiwoyina suka yafe mini: birni mafi ƙanƙanta a Birtaniya, mutanensa ba su kai 2,000 ba. Na zaga tsakiyarsa, na dawo shayina bai gama hucewa ba.