Ni da Gora a Kogin Argungu

Uwargida ce ta kawo shawarar, wai yaranmu sun ɗauka a leda gero yake tsirowa. Sai ga mu ranar Asabar da sassafe a wani sansanin koyon sana'o'in gargajiya kusa da Argungu, inda doka ɗaya ce tal: abin da hannunka ya samo, shi za ka ci.

Aka dire mana damin gero. Wata tsohuwa ta jero aikin da ke gabanmu: sussuka, shiƙa, surfe, bakace, wanki, daka, tankaɗe. Na naɗe hannun riga, na sanar da yara cewa ubansu jikan manoma ne. Wajen shiƙa na ɗaga ƙwarya sama ina fuskantar iska, ƙaiƙayi ya taso gaba ɗaya ya shige mini wuya. Tsohuwa ta kalli yadda nake susa da hannu bibbiyu ta ce, "Alhaji, bar mana aikinmu. Maza suna bakin ruwa."

A can wani Bakabe ya tarbe mu da koma biyu da ƙatuwar gora. Ya ce tun 1934 ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, kuma da waɗannan kaya kaɗai ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru suke ɗagawa. Dabarar ba wuya, in ji shi: ka kifa ciki a kan gora, ka tura ruwa da ƙafa, ka ware koma, ka haɗe bakinsu, kifin da ya shiga ka jefa cikin gora.

Sai dai wanda ya ƙago dabarar bai yi lissafin tumbin ma'aikacin ofis ba. Ina hawa gora ta juya, na koma ƙasa ita tana sama. Na sha ruwan Kabi har na ƙoshi, na taso da laka a gemu, hulata ta kama hanya ba sallama.

Ɗana Abba kuwa, da ko rigarsa ba ya iya wankewa, ya kamo tarwaɗa mai kauri. Na ce, "Kawo nan in riƙe maka, kada ta ji maka ciwo." Bakaben yana cewa "A kula da ƙayar gefen kai", ita kuma ta riga ta soke ni a babban yatsa. Ihun da na yi ya tashi balbelun tsallaken kogi.

Sai bayan isha tuwo ya sauka, hannun uwargida duk bororo. Tsohuwa ta raba abinci gwargwadon aiki: Abba ya samu tsakiyar kifi, ni aka kankaro mini ƙanzo.

Ranar Litinin abokan aiki suka ga yatsa a naɗe, suka tambayi dalili. Na ce giwan ruwa ne ya kuɓuce mini. Yanzu kullum sai na sallami Abba da kuɗin alewa, don kada ya biyo ni ofis.