Taƙaitacciyar Risala a Kan Hukunce-hukuncen Sauya wa Akori-kura Inji

Ka sani, ya kai mai neman sani, cewa neman inji ga akori-kurar da ta sha hanya yana daga cikin babobin da marubuta suka yi sakaci da su, alhali da wuya rana ta fito ta faɗi ba a jawo wata Hilux da igiya zuwa Ƙauyen Makanikai na Apo ba. Wannan ne ya wajabta mana tsara mas'alolinsa daki-daki, gwargwadon abin da ya sawwaƙa.

Fasali na farko, a kan ta'arifi. Akori-kura mai dogon zango ita ce wadda ta tara sharuɗɗa uku: agogon kilomitanta ya haura 300,000, ko kuwa ya tsaya cak ya janye shaidarsa, ta ratsa hannun mutum uku aƙalla, mai ita kuma ba ya fita gida sai da galan na baƙin mai a bayan kujera. A Abuja tarihinta sananne ne. Takan fara da jiniya a ayarin manya, ta sauka zuwa gwanjon ma'aikata, ta koma hannun ɗan kwangila, ta ƙare tana dakon siminti da katako daga Dei-Dei, ko doya daga Gwagwalada. Tun 1968 kamfanin Toyota ke ƙera Hilux, kuma a 1987 sojojin Chadi sun fuskanci tankokin Libiya a kan irin waɗannan motoci, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Daga nan wasu suka ɗauka cewa injinta ba ya mutuwa. Wannan ƙiyasi ne ɓatacce, domin sojojin Chadi ba su taɓa bin cunkoson Nyanya zuwa Mararraba da yammacin Litinin ba.

Fasali na biyu, a kan tabbatar da mutuwa. Ba ya halatta a nemi sabon inji sai an tabbatar da rasuwar tsohon, hujja kuwa ita ce hayaƙin salansa, wanda ya kasu uku. Baƙi yana nuna mai ya yi yawa a ƙonuwa, wannan jinya ce kawai. Fari mai kauri yana nuna ruwan lagireto ya keta gaskit, wannan jinya ce mai tsada. Shuɗi yana nuna ringi ya cinye, inji na shan baƙin mansa. Idan aka haɗa shuɗin da ƙwanƙwasa daga can ƙasa, bakanike kuma ya cire hula ya ce, "Alhaji, sai haƙuri," to hukunci ya tabbata. Makanikai sun yi saɓani bayan haka: mazhabar gyara ta ce a buɗe a sa sabon ringi da metal a wanke karanshaf, mazhabar sauyi ta ce injin da aka buɗe ya zama abokin bakanike har abada. Mun rinjayar da magana ta biyu, sai dai a lura cewa mafi yawan masu faɗinta suna da ɗan'uwa mai shagon inji.

Fasali na uku, wanda shi ne ƙashin bayan risalar, a kan isnadi. Inji ba a ganin cikinsa, saboda haka darajarsa tana rataye ne ga sarƙar mutanen da suka ruwaito labarinsa, kuma ta wannan fuska ya kasu huɗu.

Na ɗaya, sabo fil daga kamfani. Isnadinsa ingantacce ne, amma tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, kuɗinsa kan tasam ma na motar baki ɗaya. An ambace shi ne don cika rabo.

Na biyu, ɗan Beljiyam. An jingina shi ga wannan ƙasa ne saboda tashar Antwerp, inda aka daɗe ana lodin tsofaffin motoci zuwa Kwatano da Legas. Jinginawar ta girmamawa ce kawai, domin sau da yawa injin daga Japan ya taso, ya yada zango a Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya sauka kasuwar Ladipo a Mushin, sannan ya hau tirela zuwa Apo ko Zuba, bai taɓa jin sanyin Turai ba. Ruwayarsa kan zo da wannan siga: mai shago ya ce, yayana na Ladipo ya ba ni labari, daga wanda ya buɗe kwantena, daga wani mutum a Dubai, cewa wata dattijuwa ce ke hawan motar zuwa kasuwa sau ɗaya a mako. Wannan isnadi yankakke ne a wuri biyu, dattijuwar kuma majahula ce. Abin lura shi ne an ruwaito daga gare ta injuna masu yawan gaske, har da na dizal, wanda ke nuna ta kasance mace mai himma.

Na uku, ɗan gida, wato wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari a hanyar Lokoja ko ta Kaduna. Jama'a na raina shi, mu kuwa muna ganin yana da wata falala: motar da ta kife tana gudu ta ba da shaida a aikace cewa injinta na aiki har zuwa daƙiƙar ƙarshe.

Na huɗu, ƙagagge. Shi ne ɗan gida da aka wanke da kananzir, aka yi masa rubutu da alƙalamin fenti ruwan ɗorawa, aka ajiye shi a sahun 'yan Beljiyam. Alamarsa tsabta. Injin da ya ƙetare teku da gaske yakan zo da ƙurarsa, kan notinansa babu tabon sifana, gefen gaskit ɗinsa babu gam. Mai hankali zai buɗe murfin baƙin mai: in ya ga fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, sai ya yi sallama cikin mutunci.

Fasali na huɗu, a kan kufu. Ba kowane inji ne tsaran kowace mota ba. Mai 22R na zamanin da, ko 3RZ, ko 2TR mai lita 2.7, ko 5L da 2KD na dizal, kowanne ya nemi jinsinsa. Ko a cikin 2TR akwai na kafin 2015 da na bayanta, kuma wayoyinsu da kwamfutarsu, wadda makanikai ke kira birenbos, ba sa jituwa. Haka nan ana samun 2TR a cikin bas ɗin Hiace. Idan mai shago ya ce, "Oga, duk ɗaya ne," ya yi gaskiya ta fuskar zati, bai yi ba ta fuskar siffa, domin akan buƙaci sauye-sauye kafin ya zauna, kuma mai walda ne ke cin ribar bambancin.

In an ce: ashe wannan ba cinikin garari ba ne, kamar sayar da kifi a cikin ruwa? Sai mu ce: a'a, domin kifi yana iya tserewa, inji kuwa yana nan inda aka ajiye shi, wani lokaci ma har bayan an ɗaura shi a mota.

In an ce: ai akwai garanti. Sai mu ce: haka ne, na 'yan kwanaki, amma an yi saɓani a kan mafarin ƙidayarsa. Mai saye ya ce daga ranar da aka tayar da mota, mai shago ya ce daga ranar da kuɗi suka shiga asusu. Tsakanin ranakun biyu akwai bakanike, wanda yakan tafi ɗaurin aure Suleja.

In an ce: motar da aka sauya wa inji ita ce ta da, ko wata ce? Masana falsafa sun daɗe a kan irin wannan ba su gama ba, amma jami'an duba motoci na VIO da ke Mabushi sun yanke: lambar inji tana cikin takardu, kuma wanda bai je an gyara ta ba zai yi wannan muhawara a bakin titi, cikin rana. A adana rasit.

Saura mas'ala guda da ake yawan tambaya. Mutum ya sayar da mataccen injinsa ga 'yan gwangwan, suka kai wa wani ya sa masa ringi, wani ya wanke, wani ya yi rubutun fenti. Bayan shekara biyu injin da ya saya ya buga, ya koma Apo, aka nuna masa ɗan Beljiyam lamba ɗaya, ya biya, sai da aka je gyaran takardu ya ga lambar tsohon injinsa ce. Shin cinikin ya inganta? Amsa: ya inganta, ba shi da zaɓin mayarwa, domin aibin da mai saye ya riga ya sani ba a mayar da haja saboda shi. Bugu da ƙari, wannan ne kaɗai inji a duk kasuwar da isnadinsa ya sadu tun daga farko har ƙarshe, kuma mai ruwayar amintacce ne a wurin mai sayen.