Zuwa Ga Taubashina Mai Toshe Hanci

Bawana, mutumin Abuja, ina gaisuwa. Ba don ka cancanta ba, sai don kada a ce uwar gijiyarka ba ta da kara.

Tun kafin ka kai Kwanar Ɗangora a hanyarka ta komawa labari ya iske ni. Wai ranar bikin nan da ka zo Kano, kana sa ƙafa a zauren gidan Kaka sai ka zaro hankici ka toshe hanci, kana tambayar yara ko wani abu ne ya mutu a lungun. Babu abin da ya mutu, ranka ya daɗe. Maƙwabciyarmu ce ta buɗe kwandon daddawarta, yadda uwarta ta saba buɗewa tun kana yawo ba wando. Kalwa ce aka raba da garin ɗorawa, ta wuni ta kwana a kan wuta, aka surfe, aka wanke, aka rufe ta kwana uku har ta nuna. Da ita aka kaɗa miyar kukar da ta gina wannan ƙeyar taka da yanzu hula ba ta zama a kanta. In daddawa wari take yi, to da wari aka raine ka, har ka suɗe kwano ka nemi ƙari.

Da farko na yi maka uzuri. Na ce ko korona ce ta taɓa ka tun 2020, tunda an ce tana ɗauke wa mutum jin ƙamshi. Sai na tuna wanda hancinsa ya mutu ba ya toshe shi. Naka lafiyarsa lau, girman kai ne kawai ya shige shi. Don haka bari in yi masa tilawa.

Ka tuna daminar da zazzaɓi ya kayar da kai? Kaka ta aike ni na karyo ganyen darbejiya, ta haɗa da na mangwaro da na gwaiba, ta yanka lemun tsami a kai, tukunya ta tafasa har gidan duka ya ɗauki ɗaci. Aka zaunar da kai a kan kujerar tsuguno, aka lulluɓe ku da bargo kai da tukunyar. Ihun da ka yi a cikin siracen nan har masu sallar la'asar a masallacin unguwa sai da suka ji. Ni ce na danne gefen bargon da ƙafa, yau na faɗa maka. Bishiyar nan ma baƙuwa ce daga Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Barno, amma ta zauna ta zama 'yar gida har ta yi sunaye: darbejiya, dogonyaro, maina, bedi. Baƙuwa ta san gida, kai ɗan gida ka zama baƙo.

Da dare ya yi kuma sai a ɗauko man zafi, Robb ko Mentholatum, wanda duk ya samu. A shafe maka ƙirji da baya, a lakata a ƙofar hanci, kana hawaye kana cewa ka warke. In ciki ne ya murɗa, ga jiƙon maɗaci a kwalba bayan randa. In jikinka ya yi zafi da tsakar dare, a jiƙa tazargade a shafe ka tun daga kai har tafin ƙafa, washegari ka tafi makarantar allo kowa yana matsawa. Da hunturu ya kama, kaushi ya farfasa maka dunduniya kamar gonar da ta shekara ba ruwa, man kaɗanya ne ya rufa maka asiri. Yanzu na ji matarka tana sayen man nan a ƙaramar roba mai rubutun Turanci, da kuɗin da zai sayi ƙwarya guda a ƙauye. An cire masa ƙamshinsa, an ninka masa kuɗi, shi ya sa ya burge ku.

Kowane lokaci a gidan nan da ƙamshinsa, ko makaho ba ya bukatar agogo. Da asuba hayaƙin kara da kunun tsamiya. Da hantsi matan cikin gida suna matsar ƙuli, man gyaɗa yana tashi, kai kuma kana raɓe a bakin madafa kana jiran tunkuza ta faɗi. Da azahar ruwan randa mai sanyi wanda Kaka ta turara da kajiji. Da magariba kananzir da baƙin hayaƙin aci-balbal, wanda kullum kake kwana da shi a hanci. In an yi haihuwa kuwa, kwana arba'in gidan yana cikin tururin wankan jego da kunun kanwa da yaji mai citta da kanumfari da masoro da kimba. Wa aka kama da hannu a cikin kwanon mai jego? Ba zan faɗa ba, amma har yau yana da tabon muciya a gwiwar hannu.

Ko garin ma da hanci muka san shi. In Kaka ta aike mu Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ido rufe za mu iya faɗin layin da muke: nan 'yan fata, nan 'yan kayan yaji, nan 'yan turare. In iska ta kaɗo baba da toka, mun kusa marinar Ƙofar Mata. In ta kaɗo jiƙaƙƙiyar fata da bagaruwa, majema ce. A lokacin ban taɓa ganin ka da hankici ba. Hannun riga kake amfani da shi, kuma ba don toshe hanci ba.

Na san ba ka yarda da magana sai ta fito daga bakin Bature, to ga ta. A 2004 wasu masana biyu 'yan Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka ci kyautar Nobel saboda binciken yadda hanci ke rarrabe ƙamshi. Masana sun kuma nuna cewa saƙon hanci yana da gajeriyar hanya zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye tunani da shauƙi. Wato ko ka canza lafazi, ka canza tufafi, ka cika mota da turaren fesawa mai ƙamshin wata bishiyar da ba ka taɓa gani ba, hancinka yana nan a lungunmu. An ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Gaskiya ne, amma ya san gidansu.

Kuma ina da shaida. Bayan an watse daga bikin, yara sun gan ka ka shiga ɗakin Kaka kai kaɗai. Shekara nawa da rasuwarta, amma adakarta tana nan inda ta bar ta. Ka buɗe, kafur da turaren wuta da ɗan ƙamshin goro suka taso daga cikin mayafanta. Aka ce ka daɗe a durƙushe, kuma hankicin nan da ka toshe hanci da shi a zaure, a ɗakin ido ka goge da shi. Ban yi maka dariyar wannan ba, don ni ma ba na iya buɗe adakar nan in fito yadda na shiga. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ƙamshin Aljanna ne makomarta.

Amma kada ka ɗauka mun shirya. Na ba direban motar haya saƙo, ka aika a karɓa a tasha: daddawa ƙulli goma, man kaɗanya na ainihi, da kajiji. Na ninka leda uku saboda mutuncinka a idon maƙwabta, ko da yake direban ya ce tun daga Kaduna fasinjoji za su san abin da ke ciki. Kada ka ce ba ka so, don matarka ta riga ta tona maka asiri: duk miyar da ba daddawa, ture kwanon kake yi.

Sauran magana ɗaya. Watan cika-ciki ya kusa, kuma kuɗin shara na bara da na bara waccan ba ka biya ba. Ka haɗo da na bana. In ka ƙi, zuwanka na gaba darbejiyar ƙofar gida tana nan da ganyenta, bargon ma ban yar ba.

Uwar gijiyarka, daga cikin Badala.