Ɗan Sandan Ciki da Dillalin Citta

Wasan bidiyo na L.A. Noire, wanda ya fito a 2011, yana mai da kai ɗan sandan ciki, Cole Phelps, a Los Angeles ta 1947. Daɗinsa karatun fuska: maƙaryaci na ƙifta ido, yana haɗiyar yawu, sai ka cafke shi.

To a kawo Phelps kasuwar Kafanchan sayen citta mana! Dillali zai dube shi ido cikin ido, ya rantse 'yar Kwoi ce, ta bushe ƙayau, alhali gindin buhun jiƙe yake sharkaf.

Wani aibin wasan kuma, ko marar laifi ka kama, labari ci gaba yake, har a ƙara maka girma. Wannan kam ba sai mun sayi wasa ba.